Gonar da Buwai Ya Hana Huɗa

Tudun Ɗinya, 16 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Zakiyya Abdulmumini, a Legas.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da mahaifiyarki da ƙannenki. Mu nan lafiya, sai zafin bazara, sai idona na hagu da yanar ido take neman rufewa.

Na san za ki juya takardar kina neman wanda ya rubuto. Ni ne Mika ɗan Buwai. Buwai yayan kakanki Shago ne, uwa ɗaya uba ɗaya, Shagon da ku kuka sani da Malam Abdussalam. Ni ne dogon tsohon nan da ya zo ta'aziyyar mahaifinki a Bacirawa ta Kano, aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, kika kawo masa ruwa ba ki san ko wane ne ba. Ban riƙe ki a zuciya ba. Sha'aban direba, mai kai wake daga Dawanau zuwa Legas, shi ya ce mini gyaran jiragen sama kike yi, kuma ya san gidanku, shi zai kawo miki wannan. Kada ki ce me ya hana ni kiran waya. Maganar waya iska ce, ni kuwa abin da zan ajiye a gaban mutane nake nema.

Muna da wata gona a gabas da gida, doguwa siririya, ana ce mata Gonar Jirgi. Tun kafin a haife ni ba a taɓa yi mata huɗa ba. A baje ake shuka ta, wake ko gujiya, abin da ba ya wuce gwiwa. Ba dawa, ba gero, ba a barin itace ya girma, in an girbe kuma sai an share ta tas. Wasiyyar Buwai ke nan.

Ga asalin abin yadda ya faɗa mana. Wata shekara yana saurayi, an bar gonar saura, ƙarshen damina, hadari ya taso da yamma. Sai ga wani jirgi ya ɓullo ƙasa-ƙasa, ya zaga garin sau biyu, ya sauka a gonar. Fukafukansa hawa biyu ne, ɗaya bisa ɗaya, an ɗaure su da wayoyi, jikinsa kuma yadi ne, in ka danna da yatsa ya lotsa. Turawa biyu suka fito. Suka ɗaure shi da turaku uku na ƙarfe kamar jaki, don kada iska ta tafi da shi. Kakarmu ta dama musu fura, ɗaya ya sha, ɗayan ya riƙe ƙwaryar yana ta murmushi har ta gaji ta karɓe abarta. Da safe samari suka riƙe fukafukan, injin ya yi ƙara, suka saki, ya tafi. Wanda ya sha furar ya bar wa Buwai hoton jirgin. Shi ne na sa a cikin takardar nan, ki riƙe shi da hannu biyu, ba mu da wani.

Yanzu ɗana Joel ya tayar mini da hankali. Mu talatin da ɗaya muke ci daga gonaki huɗu, kuma kin san ƙasarmu, ko inda za a ɗaure akuya sai an yi shawara da maƙwabci. Ya ce mini, "Baba, shekara casa'in muna yi wa jirgi shara, muna sayen dawa a Dawanau. Wa ya taɓa ganin an ɗaure jirgi da turke? Tatsuniya ce Kaka ya yi muku." A gabana ya kira ubana mai tatsuniya. Muka yi ta ja, har muka tsaya a kan wannan: a tambayi wanda ya san jirgi. In ya ce jirgin hoton nan ya sauka a gona, wasiyya tana nan. In ya ce a'a, Joel ya sa garmar shanu a ruwan farko.

To ga ki, jininmu, kuma masaniya. Ki rubuto musu gaskiya su ji da kunnensu. Wasiyyar tana da wani dalili bayan wannan, amma ba na takarda ba ne.

Babanki,
Mika Buwai

Legas, 9 ga Mayu

Zuwa ga Baba Mika,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na samu takardarka, na kuma yi murna da ita. Umma tana gaishe ka. Ta ce ta tuna da kai, ta ce ran nan ba ka ci abincin da aka kai maka ba. Allah ya ba ka lafiyar ido, kuma yanar ido aikinta ba wuya yanzu, kada a bari ta tsufa.

Baba, yawancin abin da Kaka Buwai ya faɗa ya yi daidai da jiragen wancan zamani. Jiragen farko da suka sauka a Kano, a 1925, masu fukafukai hawa biyu ne. Dalilin hawa biyun shi ne injinan lokacin ba su da ƙarfi, ana buƙatar fiffike mai faɗi wanda ba shi da nauyi. In an jera biyu aka haɗa su da sanduna da wayoyi, sai su riƙe juna kamar kwando. Itace ne da ƙarfe kaɗan, a lulluɓe da yadi, a shafa masa wani fenti da ke sa shi ɗaurewa kamar fatar ganga. Gudunsu bai cika wuce mil ɗari da 'yan kai a awa ba, kuma ba su buƙatar kwalta, fili mai laushi ya ishe su. Duk wanda ya ga irinsu a Kano zai iya ba da wannan bayanin.

Amma hoton da ka aiko wani abu ne daban. Ka duba ƙarƙashin jirgin. Waɗannan dogayen abubuwa biyu ba tayoyi ba ne, kwale-kwale ne. Jirgin da ke sauka a kan ruwa ne, a kan ruwa kuma yake tashi. Farin da ke ƙasansa, wanda ƙila kuka ɗauka rairayi ne, ruwa ne. Jirgi mai kwale-kwale in ya taɓa busasshiyar ƙasa da gudu, hancinsa zai kafe ya wuntsila, ba wanda zai fito ya sha fura. Don haka amsata ita ce: jirgin hoton nan bai sauka a gonarku ba, ba zai yiwu ba.

Ina ganin Kaka Buwai ya ga jirage a Kano, ya samu hoton a hannun wani, da shekaru suka ja sai abubuwan suka haɗe masa. Haka tsufa yake yi wa kowa. Kuma ko da a ce ya sauka, Baba, irin waɗannan jirage sun daina tashi tun kafin a haife ka, sai a gidajen tarihi. Yaya Joel yana da gaskiya, ƙasa ba ta zama banza mutane suna sayen hatsi.

Na mayar da hoton a cikin leda. Na buga takardar da na'ura don rubutuna ba shi da kyau.

'Yarka,
Zakiyya

Tudun Ɗinya, 24 ga Mayu

Zakiyya,

Gaisuwa. Muna lafiya, in wanda aka tsiraita a gaban jikokinsa ana ce masa lafiyayye.

Bari in gaya miki wautar da na yi, don ki san girman abin da kika yi. Da Sha'aban ya miƙo mini takardarki ban buɗe ba. Na amince da ke kamar yadda na amince da fitowar rana. Na jira Lahadi, bayan an taso daga sujada, na tara gidan gaba ɗaya a gindin ɗinya, har maƙwabtanmu Musulmi na aika aka kira, don iyayensu ma sun sha yi wa labarin dariya. Kin buga ta da baƙaƙe ƙanana kamar ƙwayar gero, idona bai iya ba, sai na miƙa wa Glory matar Joel, na ce ta ɗaga murya.

Ta ɗaga kuwa. Da ta zo wajen fatar ganga har ina gyaɗa kai ina kallon Joel. Da ta zo wajen kwale-kwale sai muryarta ta fara sauka. Na ce ta ci gaba. Ta karanta "ba wanda zai fito ya sha fura", wani yaro ya tuntsire da dariya, uwarsa ta make shi. Ta karanta "haka tsufa yake yi wa kowa". Daga nan ban ƙara jin komai ba. Joel bai yi dariya ba, wannan na ba shi. Cewa ya yi, "Baba, kai ka zaɓi alƙalin."

Ubana bai taɓa zuwa Kano ba sai bayan ya haura arba'in, kuma a ƙafa, kuma don ganin likita. Wane jirgi ya gani a can? Wa ya ba shi hoto? Mutumin da in ya ce an yi ruwa a Bichi ba a aikawa a duba. Ya mutu da hankalinsa garau, yana ƙirga jikokinsa da sunayensu. Ke da ba ki taɓa taka gonar ba, ba ki san gabas ɗinta da yamma ba, kin zauna a ƙarƙashin fanka kin kalli hoto minti nawa? Biyar? A cikin minti biyar kika mayar da dattijo mai ruɗu, kika kuma haɗa da yi mini nasiha a kan ƙasa, ni da na yi shekara sittin ina noma ta.

Na koyar a firamare shekara talatin da biyu. Abin da na fi duka a kansa shi ne yaron da ya san rabin amsa ya miƙe yana ɗaga hannu. Ban san jirgi ba, amma na san Buwai, kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Ke kin hau abin da ya fi rimi, ga shi kuwa ba ki gani ba.

Joel ya riga ya kai bakin garma wajen maƙeri. Ruwan farko kawai yake jira. Ba na neman amsa.

Mika

Legas, 6 ga Yuni

Baba Mika,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka fatan lafiya. Ka ce ba ka neman amsa, amma ba zan haɗiye wannan ba.

Na ji zafin abin da ya faru a gindin ɗinya, kuma maganar fura da maganar tsufa bai kamata in rubuta su haka ba. Wannan na karɓa. Sauran kuwa ban karɓa ba. Kai ka ce in rubuta gaskiya. Ba ka ce mini hukunci ka riga ka yanke, hannu kawai kake so in sa ba. A wajen aikinmu in injiniya ya sa hannu a kan abin da bai gani ba don ya faranta wa babba rai, mutane ɗari ne suke mutuwa. Kwale-kwale na gani, kwale-kwale na faɗa. Kuma wa yake tara gari ya sa a karanta takardar da bai buɗe ba?

Ka ce ban taɓa taka gonar ba. Gaskiya ne. Tambayata ita ce, wa ya taɓa kiranmu? Tun ina ƙarama na san akwai wani gari wai shi Tudun Ɗinya, inda kakana ya fito, inda ba a zuwa. Abin da na tashi na ji a gidanmu shi ne Malam ya bar gida ya musulunta, 'yan'uwansa suka shafe sunansa, suka raba gonakin ubansu ba tare da shi ba. Ya rasu a gidan haya na ɗaki biyu. Mahaifina ya yi ta neman inda zai shuka ko da masara kwano ɗaya ce, yana aron bayan makaranta. Ku kuma kuna can da gona sukutum kuna share ta, kuna jiran wani Bature da ya sha fura shekara casa'in da suka wuce. Baturen kwana ɗaya ya samu gona a wurinku, ɗan'uwanku na jini bai samu taki ɗaya ba.

Shekara nawa ba wanda ya tuna da mu. Ran da aka tuna, don a ci gardama ne. Ka kira ni jininku a takardar farko, na ji daɗi har na nuna wa Umma. Da amsar ba ta yi maka ba, na koma "ke da ba ki taɓa taka gonar ba".

Ina girmama ka, Baba, shi ya sa na faɗa maka a takarda maimakon in faɗa a bayan idonka. Yaya Joel ya yi huɗarsa, yara su ci dawa. Aƙalla wani ya amfana.

Zakiyya

Tudun Ɗinya, 27 ga Yuni

Zakiyya,

Gaisuwa. An yi ruwa mai kyau sau uku, shuka ta fito. Takardarki ni na karanta ta da kaina, da aron tabarau, a ɗaki, ƙofa a rufe. Ko tsoho yana koyon darasi.

Abu biyu zan gaya miki. Na farko na gonar ne.

Ran Talatar da ta biyo ruwan farko Joel ya shiga da shanu. Na ƙi fita. Can da hantsi sai ga Glory, ta ce in zo, bakin garma ya karye. Na tarar da shanu a tsaye, Joel a durƙushe yana tono da hannu. Ƙarfe ne, kaurin babban yatsan ƙafa, a murɗe kamar igiya, da zobe a kansa, ya shiga ƙasa ya fi kamu ɗaya. Shekara casa'in hauya tana wucewa ta kansa, don mu sama-sama muke karta, garma ce ta nutsa ta same shi. Na ce, "Turaku uku ya ce. Ku nemo biyu." Kafin azahar an tono su. Ba wanda ya yi dariya a ranar. Joel ya tsaya riƙe da turken yana kallon ƙasa, ya ce, "Baba, in tsaya?" Na ce ya ƙarasa. An riga an keta rabi, kuma ruwa ba ya jiran mai gardama.

Na auna da awon ɗinkin Glory. Tsakanin biyu na gaba ƙafa arba'in da bakwai. Na ukun yana baya, a tsakiya, ƙafa talatin da 'yan kai. Ki kai wa littattafanki, ki tambaye su wane jaki ne ake ɗaure wa haka.

Na biyu shi ne wanda na ce ba na takarda ba ne. Kin tilasta ni. Kin ce mun raba gonaki ba da kakanki ba. Yarinya, gonar da kika ba da izini a keta, gonar Shago ce. Rabonsa ce. Shi ya riƙe fiffiken dama ran da jirgin ya tashi, daga ranar kuma hankalinsa bai ƙara zama a garin nan ba. Da aka ji ana aikin filin jirgi a Kano ya ɗaure kayansa. Buwai ya raka shi har bakin rafi, ya ce yaushe zai dawo. Shago ya ce, "In zan dawo, a cikin irin wancan zan dawo. Ka bar mini gonata a baje." Buwai ya ɗauki maganar yadda aka faɗe ta. Baturen bai dame shi ba, ko sunansa bai riƙe ba. Ƙanensa yake share wa wurin sauka. Duk jirgin da ya gifta sai ya ajiye fartanya ya ɗaga kai. Da labari ya zo Shago ya musulunta, cewa ya yi, "To, jirgin ba ya ɗaukar Musulmi ne?" Ya ci gaba da shara.

Ni kaɗai ya gaya wa, yana kwance ciwon ajali, ya kuma hana ni zuwa roƙo. Ya ce Shago ya san hanya. Na ɓoye wa 'ya'yana don na san in sun ji gonar ta wani ce za a yi tashin hankali. Na je ta'aziyyar ubanki da maganar a bakina, aka bar ni a ƙofar gida, na mayar da ita ciki. Wannan laifina ne, na sani. Amma kada ki ƙara cewa mun shafe sunansa.

Mika

Tudun Ɗinya, 12 ga Agusta

Zakiyya,

Gaisuwa. Mako shida ke nan. Da za ki ce ubana ya ruɗe, mako uku ya ishe ki. Yanzu da ƙarfe ya fito daga ƙasa, na'urar taki ta lalace? In awon bai yi miki ba, ki faɗa. In maganar gonar ce ta sa kike neman lauya, ki faɗa, ba mai hana ku abinku. Shiru dai ba amsa ba ce tsakanin dangi. An yi shi shekara casa'in, kin ga abin da ya haifar.

Mika

Legas, 3 ga Satumba

Baba,

Ina durƙusawa in gaishe ka. Takardunka biyu rana ɗaya suka zo, shekaranjiya. Motar Sha'aban ta lalace a hanya, ya yi sati biyar yana jiran kayan gyara, takardarka ta farko tana cikin aljihun motar, ya manta da ita sai da ka ba shi ta biyu. Ba lauya, ba raini. Wannan kuma da hannuna nake rubutawa, da manyan baƙaƙe.

Baba, na yi kuskure, kuma irin kuskuren da ka ce kana duka a kansa ne. Da na ga awonka ban iya cin abinci ba sai da na binciko. Akwai wani samfurin jirgi da sojojin Ingila suke tashi da shi daga Masar da Sudan a shekarun nan. Sunansa na Turanci ba zai amfane ka da komai ba. Faɗinsa daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike ƙafa arba'in da shida ne ba kaɗan, tsawonsa talatin da wani abu, injinsa ƙarfin doki ɗari biyar da 'yan kai. Turke biyu a bakin fukafukai, ɗaya a wutsiya, haka ake ɗaure shi in zai kwana a fili. Awonka ya zauna a kansa daram. Na sa hotunansa kusa da hoton naku da na ɗauka a waya, shi ne. Abin da ban bincika ba tun farko shi ne, an ƙera shi yadda za a kwance kwale-kwalen a ɗaura tayoyi, a kwance tayoyin a mayar da kwale-kwale. A kan kogi aka ɗauki hoton, da tayoyi ya zo muku. Baturen hoton da ke aljihunsa kawai ya bayar. Kaka Buwai bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Ina roƙonka ka sake tara mutanen nan, Glory ta karanta wannan da ƙarfi kamar yadda ta karanta waccan.

Na karanta wa Umma maganar gonar. Sai ta faɗa mini abin da mahaifina ya faɗa mata. Malam bai taɓa shiga jirgi ba, Baba. Ko sau ɗaya. Shekara talatin yana gangara durom ɗin mai da share ƙarƙashin jirage. In abokan aikinsa sun ce ya je gida ga mota tana zuwa har kusa da garinku, sai ya ce ya yi wa yayansa wata magana, ba zai koma ta ƙasa a yi masa dariya ba. Da tsufa ya kama shi sai ya riƙa cewa ai sun manta da shi. 'Ya'yansa suka ji wannan, suka ƙara masa gishiri, ya iso gare ni a matsayin kora.

Raina a ɓace yake, Baba, ban ma san da wa ba. Tafiyar yini ɗaya a ƙafa ce tsakaninsu. Ɗaya yana shara yana kallon sama, ɗaya yana shara a ƙarƙashin jirgi, har suka mutu. Ni kuma na zo na ba da izinin keta wurin da aka share wa kakana.

Ba ma neman gonar. Na tambayi ƙannena, bakinmu ɗaya. Gafararka nake nema.

'Yarka,
Zakiyya

Tudun Ɗinya, 18 ga Nuwamba

'Yata Zakiyya,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya. An yi mini aikin idon, yanzu ina ganin furfurar Joel, ashe shi ma ya fara.

An karanta takardarki a gindin ɗinya. Wannan karon na buɗe ta tukuna. Glory ta karanta har ƙarshe, da maganar Shago duka, na ce kada ta tsallake komai. Yaron nan da ya yi dariya shi na sa ya riƙe turakun yana zagayawa da su kowa ya taɓa.

Maganar gafara ta wuce. Amma akwai layi ɗaya da ya ɓata mini rai fiye da kwale-kwalenki. "Ba ma neman gonar." Wa ya ce nema ake yi? Ubana ya share ta shekara hamsin, ni na share arba'in, don ke da ƙannenki ku zauna a Legas ku haɗa baki ku ce kun yafe? Ba sadaka muka roƙa ba. Ajiya ce, mai ita ya zo ya karɓa.

Dawar ta yi abin da ban taɓa gani ba, ƙasar ta huta da yawa. Dami hamsin da huɗu. Na zaci zan yi faɗa da Joel, sai ga shi da kansa ya gyara tsohon rumbun Buwai ya zuba su daban. Ya ce ba mai taɓa zangarniya ɗaya sai 'yan gidan Shago sun zo sun buɗe da hannunsu, sannan a zauna a yi maganar wanda zai riƙa nomawa.

Gonar yanzu tudu da kwari ce daga wannan baki zuwa wancan, ko tantabara sai ta duba kafin ta sauka. Ba sauran wurin jirgi a Tudun Ɗinya, kuma ba mai ɗaga kai. Zumunci a ƙafa yake, mutanen nan biyu ne suka mayar da shi sama. Sha'aban yana tasowa daga Legas kowace Talata ta biyu, ya ce gaban mota naki ne. Daga Dawanau Joel zai ɗauko ki a babur. Tabarmarki a cikin gida za a shimfiɗa ta.

Kada ki ba shi wata takarda. In ya zo da takarda ba ke, ba zan buɗe ba.

Babanki,
Mika Buwai